Tsufa da Raguwar Ƙarfi a Karkarar Arewacin Kano

Gabatarwa

Hausawa na cewa, in babu mutuwa akwai tsufa. A ƙauyukan Ɗambatta da Bichi da Minjibir, inda gona ke manne da gona, akan auna tsufan mutum da aikin da jikinsa ya daina iyawa fiye da ƙidayar shekarunsa. Wannan maƙala za ta dubi yadda jiki ke sauyawa, da kuma tanadin da al'ada ta yi wa wannan hali.

Alamomin Tsufa

Bahaushe ya jera wa tsufa matakai. Da farko akan ce mutum ya manyanta, sa'an nan ya kwana biyu, daga bisani ya tsufa tukuf. Furfura da tamoji ba sa hana noma. Abin da ke raba manomi da gona shi ne gwiwa da ƙugu da ido. Likitoci sun nuna cewa daga shekara 30 tsokar jiki kan ragu da kashi 3 zuwa 8 cikin 100 a kowace shekara 10. Haka kuma guringuntsin gaɓɓai kan zaizaye, watau amosanin gaɓɓai, ga kuma yanar ido. Ita kuwa fartanya ƙotarta gajera ce, ba a noma da ita sai a duƙe, saboda haka baya kan riga sauran jiki gazawa. A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kashi 28 zuwa 35 cikin 100 na masu shekara 65 zuwa sama sukan faɗi a kowace shekara. Ashe sandar tsoho ba ado ba ce.

Tanadin Al'ada

Babban tanadi shi ne gandu. Idan ƙarfin maigida ya ja baya, 'ya'yansa kan ɗauki huɗa da noma da kai taki, shi kuma ya riƙe rumbu da shawara, ya koma tufkar igiya da saƙar zana a inuwa. Tsohuwa kuwa, da yake kulle ya sauka daga kanta, takan shiga unguwarzoma da reno da ɗan kasuwanci. Addini ma ya sauƙaƙa: wanda ya kasa tsayuwa ya yi salla a zaune.

Sai dai gandu yana tafiya ne da faɗin gona. Polly Hill, wadda ta yi nazarin karkarar Kano a littafinta na 1977, ta lura cewa mai yalwar gona ya fi iya riƙe 'ya'yansa a gandu. Inda rabon gado ya daddatsa ƙasa, samari kan tafi birni neman kuɗi, a bar dattijo duƙe da fartanya bayan jikinsa ya nemi hutu.

Kammalawa

A taƙaice, raunin gaɓɓai hali ne na kowa, amma nauyinsa ya danganta ga wanda ya rage a gida. Ya kamata ɗaliban al'ada su riƙa nazarin tsufa tare da nazarin gandu, domin lalacewar ɗaya ita ce wahalar ɗayan.