Ko Ka Sani? Masu Ɗinkin Rigar Mama Ne Suka Ɗinka Kayan Zuwa Wata

Rigar da Neil Armstrong ya taka duniyar wata da ita a watan Yulin 1969 ɗinka ta aka yi, da zare da allura, a kan keken Singer, ɗan'uwan wanda tela ke takawa a rumfarsa ta kasuwar Dungas. Mata ne suka ɗinka ta, ma'aikatan kamfanin da ke yin rigar mama mai suna Playtex. Da yawansu daga teburin ɗinkin bireziya da ɗamarar matse ciki da wandunan roba na jarirai aka taso su, aka ce su zo ga wani aiki.

Sunan kamfanin International Latex Corporation. Abram Spanel ya kafa shi a 1932, daga baya kamfanin ya yi zamansa a garin Dover na jihar Delaware a Amurka, kuma da roba aka san shi.

Matsalar da ta hana hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, barci ita ce babu iska a wata. Dole a hura rigar kamar tayar babur, mutum yana cikinta, in ba haka ba ya mutu cikin ɗan lokaci. To, wanda ya taɓa gwada lanƙwasa tayar da aka cika da iska ya san ba ta lanƙwasuwa. Riga ta kumbura ta sandare, ɗan sama jannati ya kasa naɗe gwiwa, balle ya sunkuya ya ɗauki dutse. Injiniyoyi da dama sun karkata ga riga mai tauri irin sulke. Masu bireziya suka bi ta hanyar lifidi, irin wanda mahayan Sarkin Damagaram ke sawa: laushi a kan laushi, hawa-hawa. A gwiwa da gwiwar hannu da kafaɗa suka sa roba mai ninki kamar zugazugin maƙera, suka ƙarfafa ta da siririn yadin nailan irin wanda suka saba sa wa rigar mama. Sai ga gaɓa tana naɗewa, iska kuma ba ta fita.

Sai da aka sha rigima kafin a yarda da su. Tun 1962 suke aikin a ƙarƙashin wani babban kamfanin kayan jiragen sama, Hamilton Standard, zama ya ƙi daɗi, aka sallame su. Da NASA ta shirya gasa a 1965, da kyar aka bari suka shiga, mako shida kacal gare su. Suka kwana suna ɗinki, aka kai rigar birnin Houston. A wurin gwaji, hular ɗaya daga cikin abokan takararsu ta fizge ta yi sama, kafaɗun ɗayar kuma suka kumbura har mai sanye da ita ya kasa shigewa ta ƙofar kumbo. Ta masu bireziya ce ta ci.

Ɗinkin kansa shi ne abin ji. Rigar hawa 21 ce, kuma kuskuren da aka yarje wa mai ɗinki bai kai rabin milimita ba. Tela a Dungas, ana jibi sallah, yakan cika baki da fil, ya yanka atamfa da ido, in ta yi yawa ya ce, “Hajiya, kawo a rage miki.” A Dover babu a rage miki. Ɗinki ɗaya ya kauce, ran mutum ne. Fil ma ƙirga shi ake yi a ba kowace mace nata, kowacce da launin kan fil ɗinta, saboda an taɓa tsintar guda a cikin rigar da aka gama. Daga nan aka girke na'urar hoton ƙashi irin ta asibiti, ana haska kowace riga kafin ta fita. Manyan kekunan da ake haɗa rigar da su kuwa har suna matan suka raɗa musu, Big Moe da Sweet Sue, kamar yadda direba ke yi wa motarsa laƙabi.

Kowane ɗan sama jannati aunonsa aka yi daga wuya har idon sawu. Safar hannunsa daga zubin hannunsa aka fitar da ita. Riga uku ake yi wa wanda zai sauka a wata: ta atisaye, ta tafiya, da ta ko-ta-kwana, kowacce kimanin dalar Amurka 100,000 a kuɗin wancan zamani.

Bayan shekara 50 NASA ta sha kunya a kan wannan magana ta awo. An shirya ranar 29 ga Maris 2019 mata biyu za su fita aiki a wajen tashar sararin samaniya, karo na farko babu namiji tare da su. Ana saura kwanaki ɗaya daga cikinsu, Anne McClain, ta ce ta gane matsakaicin ƙirjin riga ne daidai da ita, babban ya yi mata yawa, matsakaici kuma guda ɗaya ne a shirye. Aka musanya ta da namiji. Sai ranar 18 ga Oktoban shekarar Christina Koch da Jessica Meir suka yi fitar.

In hukumar da ta kai mutum wata za ta rasa rigar da ta dace da ƙirjin mace, ba a ga laifin matar Dungas ba. Ga ta tsugune gaban tarin rigunan mama na gwanjo a kan tabarma, mai kayan saurayi ne sa'an ƙanenta, wurin gwaji babu. Ta zaro guda, ta cusa dunƙulen hannu cikin ƙoƙon, ta ja robar sau biyu, ta shigar da ita ƙarƙashin hijabi ta kara a jiki a gurguje. “Lamba nawa, Yaya?” Ta kau da kai: “Ba ni matsakaiciya.” Shi kuma amsarsa ɗaya ce ga kowa: “Wannan daidai ke ce, tana da roba, za ta buɗe.” Na lefe sun fi ban tausayi. Ƙannen ango da gwaggonninsa su tsallaka Maigatari ranar Alhamis, ko su wuce Kano, su sayo dozin, ba wanda ya tambayi amarya, don wa zai iya buɗe baki? Rabinsu a ƙasan akwati suke tsufa.

Lambar da ke jikin rigar ma tarko ce, musamman a bakin iyaka inda kayan Faransa da na Ingila da na Sin ke haɗuwa a tabarma ɗaya. Abin da Ingila da Amurka ke kira 34, shi ne 75 a Jamus, shi ne kuma 90 a Faransa, don Faransawa 15 suke ƙarawa a kan lambar sauran Turai. Matar da ta saba da 90 na Faransa, in ta ɗauki 90 na Jamus, ta sayi wadda ta fi ta da hawa uku ke nan.

Maganin yana rataye a wuyan kowane tela: tef ɗin awo. A cikin ɗaki, mace da 'yar'uwarta, a zagaya shi daidai ƙarƙashin mama, ya kama jiki. Daga santimita 73 zuwa 77, lambarta 75 ce a lissafin Jamus. A sake zagayawa ta inda ƙirji ya fi cika, ba tare da matsewa ba. Bambancin awon biyu shi ke ba da harafi: 12 zuwa 14 A, 14 zuwa 16 B, 16 zuwa 18 C, haka har gaba. Harafin shi kaɗai ba ya faɗin komai, domin ƙoƙon 75C da na 80B da na 70D kusan cikinsu ɗaya. Mai ciki da mai shayarwa kuwa awon bara ba ya yi musu aiki bana.

Yawancin nauyin maɗaurin da ya zagaye haƙarƙari ne ke ɗauka, igiyoyin kafaɗa 'yan taimako ne. Shi ya sa macen da igiya ta yi wa shata a kafaɗa, bayan rigar kuma ya haye sama kamar goyon da ya kwance, galibi maɗaurinta ne ya yi yawa, amma sai ta ƙara tsuke igiya ta ƙara wa kanta azaba. Maɗaurin da ya dace yana zama a miƙe gaba da baya, yatsa biyu na shiga ƙarƙashinsa, tsakiyar rigar ta kwanta a ƙashin ƙirji, ƙarfen ƙoƙo in akwai shi bai hau kan nama ba. Sabuwa a ƙugiyar waje ake fara maƙala ta, a riƙa matsowa ciki yayin da robar ke saki.

Robar kuwa sai ta saki, har ta Armstrong. Rigarsa tana gidan tarihin jiragen sama na Smithsonian a birnin Washington, kuma a 2006 aka janye ta daga idon jama'a saboda robar cikinta ta fara bushewa tana tauri. Sai da aka yi gidauniya a 2015, aka tara sama da dala 700,000, kafin a dawo da ita a Yulin 2019 cikin akwatin gilashi mai sarrafa sanyi da laima. Rigar mama ta gwanjo kuwa ta riga ta yi rayuwa guda a jikin wata kafin ta shiga dila. In an ja maɗaurin aka ji yana ƙaras-ƙaras, ko ya miƙe bai koma ba, robar ta mutu, komai kyan leshin da ke kai. Wadda ke da sauran rai kuma ruwan sanyi take so da wankin hannu, a shanya ta a inuwar rumfa, nesa da darnin da ranar Afrilu ke gasawa a zafin da ya haura digiri 40.