Shinge Mai Rai: Hanyoyin Samo Itatuwan Gida a Ƙasar Keana

Gabatarwa

Keana tsohon gari ne na Alago da ke kudu maso gabashin Lafiya, a Jihar Nasarawa, ya kuma yi suna wajen dafa gishiri. Sai dai akasarin mutanensa manoma ne na doya, rogo, riɗi da shinkafa, ga kuma dabbobi na gida da na makiyaya. Duk inda gona da dabba suka yi maƙwabtaka, maganar shinge ba ƙarama ba ce, domin ɓarna kaɗan kan jawo babbar husuma. Darnin kara ba ya wuce shekara guda, gara ta ci shi, wayar ƙarfe kuwa sai mai hali. A wannan muƙala zan yi bayanin yadda ake samo itatuwan gida a haɗa shinge mai rai, da kuma abin da ya sa nake ganin ɗalibin harshe yana da hannu a aikin.

Me ya sa ake gauraya itatuwa?

Kowane icce da aikinsa. Masu ƙaya irin su magarya, bagaruwa, ɗunɗu da sarƙaƙiya su ke tare dabba. Aduruku, minjirya da ceɗiya su ke tsayawa a matsayin dirkoki. Shuwaka tana cike giɓi, a kuma samu ganyen miya. In shinge iri ɗaya ne, cuta guda ko ƙwaro guda ya isa ya gama da shi. In gauraye ne, wani ya mutu wani ya tsaya.

Suna shi ne matakin farko

Samun sunan Hausa ba ya nuna icce ɗan ƙasa ne. Darbejiya, wadda wasu ke kira dogon yaro ko maina ko bedi, daga yankin Indiya ta fito, an kuma fara dasa ta a Barno a 1928. Zogale ma daga Indiya yake, bini-da-zugu kuwa asalinsa yankin Amurka ta Tsakiya ne. Wani lokaci harshen da kansa kan tona asirin baƙo: Bahaushe kan jingina shi da Masar ko Makka, kamar gwandar Masar da ke gaba da gwandar daji, ko bagaruwar Makka, wadda ɗaya ce daga sunayen zogale. Waɗannan baƙi suna da amfani, amma su da melaina su suka fi yawa a wurin masu sayar da dashe, don haka mai neman na gida sai ya nemi wata hanya.

Akwai kuma suna ɗaya mai ɗauke da itatuwa biyu. A wasu wurare ararraɓi shi ne hano na kan duwatsu, a wasu kuma wani icce ne mai koren ɓawo da ake kafawa a danga. J. M. Dalziel, likitan da ya wallafa littafin sunayen tsirrai na Hausa a 1916, ya jera sunaye da dama irin haka, Bargery ma ya kawo wasu a ƙamusunsa na 1934. Saboda haka ba a aike da suna kawai, sai an je da ganye ko ɗan reshe an nuna.

Wani abin lura shi ne yanayi. Aguwa da dashi su ne shingen Katsina, Sakkwato da Maraɗi, domin suna son rairayi da ƙarancin ruwa. Keana kuwa ruwanta yakan haura milimita 1,000 a shekara, daga Afrilu zuwa Oktoba, inda ruwa ke kwanciya sai su ruɓe. Abin da ya tsiro da kansa a dajin gari shi ne shaidar abin da ƙasar za ta karɓa.

Hanyoyi uku na samu

Ta farko ita ce reshe. Aduruku, minjirya, ceɗiya, ararraɓi da shuwaka duk suna kamawa in an kafa reshensu. Ana sare shi a ƙarshen rani, wajen Maris zuwa Afrilu, mai tsawon mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, a kafa da faɗuwar ruwa. Wurin samu shi ne tsofaffin dangogin gari da kan iyakokin gonaki, bayan an nemi iznin mai su.

Ta biyu ita ce iri. Ana tsintar 'ya'yan magarya da na bagaruwa da rani, daga uwaye da yawa masu lafiya, ba daga gindi ɗaya ba. Ƙwallon magarya sai an fasa shi a hankali. Irin bagaruwa kuma a zuba masa ruwan zafi ya kwana, saboda taurin ɓawonsa. A rene su a leda wata uku zuwa huɗu, sannan a dasa layi biyu, tazarar kamar rabin mita.

Ta uku ita ce kututturen da ke tofo a bakin gona. Maimakon a ƙone shi, sai a zaɓi rassa biyu ko uku a bari, a sare sauran. Wannan dabara ce ake kira sassaben zamani, wadda Tony Rinaudo da manoman Maraɗi suka yaɗa tun daga shekarun 1980. Saiwarsa ta riga ta kafu, don haka ya fi dashe saurin girma.

Ko ta wace hanya aka bi, sabon shinge yana bukatar darni ko ƙaya ta tsare shi daga awaki na shekara biyu, a kuma share ciyawar gefensa kafin gobarar hunturu.

Kammalawa

Ilimin nan yana bakin tsofaffi, masu magani, mafarauta da mata masu neman itacen dafa gishiri, kuma ba da Hausa kaɗai yake ba. Icce guda yana da suna a Alago, da Tibi, da Fulatanci. Shawarata ga 'yan'uwana ɗalibai ita ce, duk wanda ya je hutu ya ɗauki littafi da biro, ya rubuta sunan icce a kowane harshe, da inda yake fitowa, da yadda ake dasa shi. Ranar da sunan ya ɓace daga bakin mutane, ba mai sake neman iccen, balle ya dasa.