Matokarin da Ake Kafawa Don a Cire Shi

Duk wanda ya taɓa tsayawa gefen sabon gini a Yendi ko a Bawku ranar da ake zuba rufin kankare, ya ga yadda kafintoci suke cika ɗakin da sanduna da gora, tun daga daɓe har zuwa katakon da zai ɗauki siminti, har mutum ba ya samun wurin ratsawa sai ya karkace. Kuma ya san cewa waɗannan sanduna, duk da wahalar da aka sha wajen kafa su, ba su da rabo a cikin gidan, domin bayan mako uku ko huɗu, idan kankare ya yi ƙarfin ɗaukar kansa, za a zo a buge su ɗaya bayan ɗaya a fitar. Gwanintar kafinta a nan iri biyu ce: ya kafa matokarin da ba zai gaza ba, ya kuma kafa shi yadda zai fita ba tare da ya tafi da gefen rufi ba. Wannan mas'ala ce, ba wata ba, ta sake bayyana cikin sabuwar sana'ar da samarinmu suka fara leƙawa, wato sana'ar na'urar ɗab'i mai fitar da abu da jikinsa, da tsawo da faɗi da kauri, wadda masu ita suke kira 3D a taƙaice.

Aikin na'urar ba shi da wuyar fahimta ga wanda ya taɓa ganin mace tana ginin tukunya. Zaren roba ne mai kaurin milimita 1.75, naɗe a kan ƙwarya kamar zaren keken ɗinki, ake tura shi cikin wani baki mai zafi wanda ƙofarsa galibi ba ta wuce milimita 0.4 ba, ya narke, bakin ya yi ta zagayawa bisa umarnin kwamfuta yana shimfiɗa shi sahu a kan sahu, kowane sahu kamar kashi ɗaya cikin biyar na milimita, har siffar ta tashi. Wani Ba'amurke mai suna Scott Crump ne ya yi rajistar wannan dabara a 1989, ta zauna a hannun kamfaninsa na Stratasys har wa'adin rajistar ya ƙare a 2009. Kafin nan kuwa, a 2005, wani malamin Jami'ar Bath ta Ingila, Adrian Bowyer, ya fara aikin da ya sa wa suna RepRap, da niyyar a sami na'urar da za ta iya buga yawancin sassan 'yar'uwarta, ya kuma bayar da ilimin kyauta ga duk mai so. Albarkar wannan sadaka ta iso maƙwabtanmu, domin a 2013 wani ɗan Togo, Afate Gnikou, ya harhaɗa tasa na'urar a WoeLab da ke Lome daga gawar kwamfutoci da na'urorin buga takarda da aka zubar. Irin waɗannan tarkace su ne 'ya'yan Dagomba da yawa suka shekara suna farfasawa a Agbogbloshie ta Ankara kafin a rushe wurin a 2021, saboda haka ƙaramin injin da ke juya bel da sandar ƙarfe mai santsi ba baƙi ba ne a hannun ɗan arewacin Gana.

To, amma roba narkakkiya ba ta tsayawa a kan iska. Kowane sahu yana bukatar abin da zai kwanta a kai, kuma ma'abota sana'ar sun daidaita a kan wata ƙa'ida ta kusan-kusan, cewa muddin bango bai karkata fiye da digiri 45 daga tsaye ba, sabon sahu zai sami isasshen wurin zama a kan na ƙasansa. Idan ya zarce haka, sai zaren ya zubo kamar taliya. Don haka manhajar da ke yanka siffa sahu-sahu, irin su Cura da PrusaSlicer, takan gina wa duk wani sashe mai rataye matokari daga ƙasa, wanda za a cire bayan an gama. Tambayar ita ce, da wane irin abu za a gina shi.

Wani yaro mai gyaran rediyo da wayoyi a Yendi, wanda na san mahaifinsa, ya haɗa irin wannan na'ura a shagonsa, kuma abin da yake bugawa ba kayan wasa ba ne: haƙoran fanka da suka cinye, murfin batir, maɓallin rediyo, da wani ɗan maƙalin famfon feshi da manoman albasa na wajen Bawku suke yawan karyawa. Ranar da na zauna a bencinsa sai ya miƙo mini maƙalin, gefensa na ƙasa duk ya yi kaca-kaca da sauran matokari, ya ce, "Baba, na gaji da kankara. An ce akwai zaren da ke narkewa a ruwa. Ina so in tara kuɗi in aika a sayo mini daga Ankara." Na ce masa, "Ɗana, kada ka yi gaggawa. Bari mu auna shi da garin nan tukuna."

Zaren da yake nufi shi ne PVA, kuma haƙiƙa abin sha'awa ne. Ana gina jikin abu da PLA, robar da ake samu daga sitacin masara ko rake, a gina matokari da PVA, sa'an nan a tsoma duka cikin ruwa mai ɗumi. Bayan wasu sa'o'i, ko kwana guda idan matokarin ya yi kauri, sai a tarar ya narke ya bar abin sumul, har cikin lungunan da wuƙa ba ta isa. Hikimar ma ba sabuwa ba ce a wannan ƙasa, domin maƙeran tagulla na Asante, waɗanda goron ƙasarsu ya raya kasuwar Salaga har fataken Kano da Katsina suka kafa zango a can, da kakin zuma suke siffanta ma'aunan zinariyarsu, su lulluɓe da yumɓu, su narkar da kakin ya tsiyaye, tagulla ta maye gurbinsa. Abin da aka yi shi don ya ɓace ya daɗe yana yi wa masu sana'a hidima.

Sai dai PVA yana da sharuɗɗa, kuma kowane sharaɗi yana da nauyi a kan mai na'urar gida. Na farko, yana bukatar baki biyu, ɗaya na jiki ɗaya na matokari, alhali na'urar da aka haɗa da tarkace bakinta ɗaya ne. Ƙara na biyu yana nufin ƙarin inji da waya da ma'aunin zafi, da daidaita tsayin bakunan biyu har su zama ba su saɓa da kaurin gashi ba, in ba haka ba wanda ke hutawa zai riƙa gogar aikin ɗan'uwansa yana ɗiga a kai. Bayan wannan akwai tsada, don kilo guda nasa yakan ninka kuɗin PLA sau da yawa. Amma babbar illarsa tana cikin falalarsa ne: abin da ke narkewa a ruwa yana shan raɓar iska. A tsakiyar damina, daga Yuli zuwa Satumba, lokacin da gishiri yake jiƙewa a cikin kwano kuma ashana take ƙin kamawa, ƙwaryar PVA da aka bari a buɗe takan yi laushi cikin 'yan kwanaki, ta riƙa ƙara tsat-tsat a bakin na'ura saboda tururin da ke fashewa a ciki, ta fito da kumfa, daga bisani ta toshe ƙofar. Wanda ya nace sai ya yi aiki da shi, wajibi ne ya tanadi mazubi mai rufewa ƙam da ƙullin ƙwayoyin nan masu tsotse danshi da ake samu cikin kwalin takalma, ya kuma busar da zaren a zafin da bai wuce digiri 50 da ɗan kai ba na tsawon sa'o'i, wanda shi ma wutar lantarki yake ci. Kuma PVA ba ya jure dogon zama cikin baki mai zafi. Yakan ƙone ya daskare. Ga kuma ruwan jiƙon kansa, wanda sai an sauya shi idan ya yi kauri. Mutumin Yendi, wanda ya san yadda kogin Daka yake janyewa da rani har mata su wuni neman jarka guda, da mutumin Salaga, wanda tsofaffin rijiyoyin garinsa shaida ne a kan yadda kakanni suka sha fama da ƙishi, ba za su ɗauki wannan ƙaramin abu ba.

Akwai kuma HIPS, robar da ake yin cikin firji da ita, wadda ke narkewa cikin wani mai da ake tatsa daga ɓawon lemo. Ba ta tsoron damina sosai, amma abokiyar aikinta ABS ce, mai son zafin digiri 240 ko kusa da haka da faranti mai zafin digiri 100, mai wari, mai lanƙwashewa da zarar iska mai sanyi ta buge ta. Man kuwa sai an yi odarsa. Ban ga dalilin da zai kai mai ƙaramin shago wannan hanya ba.

Abin da na ga ya fi dacewa, kuma shi na gaya wa yaron, shi ne a gina matokari da zaren da aka gina jiki, a mai da himma ga yadda zai rabu. Asirin yana cikin ratar da ake bari tsakanin kan matokari da ƙasan abu: idan ta yi kaɗan sai su haɗe su zama ɗaya, idan ta yi yawa sai ƙasan ya zubo. Kaurin sahu guda, wato wajen milimita 0.2, shi ne mafarin da ya kamata a gwada, a ƙara ko a rage gwargwadon halin na'ura, domin na'urar gida kowace da ɗabi'arta. A bar cikin matokarin da sako-sako, kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, a yi masa rufi mai yawan sahu biyu ko uku a sama, a sa fanka ta hura sosai a daidai wurin. Ya gwada haka a gabana. Da aikin ya huce, ya sa bakin filaya ya kama gindin matokarin ya murɗa kaɗan, sai muka ji ƙas, ya fito gaba ɗaya kamar an ɓare gyaɗa, abin da ya rage bai fi shafa biyu na sanfefa ba. Wanda yake da zaren PETG a kusa yana da wata dabarar kuma: shi da PLA ba sa manne wa juna da kyau, saboda haka idan saman matokarin shimfiɗaɗɗe ne, ana iya tsayar da na'ura a sauya zare don waɗannan 'yan sahu na sama kawai, a rufe ratar baki ɗaya, su rabu fes.

Duk da haka, malamanmu na fiƙihu sun koya mana cewa larura ana ɗaukarta ne gwargwadon bukata, kuma matokari larura ne: zare ne da aka saya da kuɗi za a zubar, lokaci ne da aka ƙara wa aiki a garin da wuta kan ɗauke ba sallama. A nan nake tuna magina na ƙasar Hausa. Babban Gwani Mika'ilu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a farkon rabin ƙarni na 19, ya ɗaga bakan gizonsa ne da azara, wadda ake kafawa cikin bango a karkace, a ɗaure, a yaɓe da ƙasa, a jira ta bushe, sa'an nan a ɗora wata ta ɗan ƙara leƙowa, har ɓangarorin biyu su haɗu a sama. Kowane mataki yana ɗaukar na gaba da shi. Ƙa'idar digiri 45 ke nan a aikace, tun kafin a haifi na'urar. Mai zanen abin da za a buga yana iya bin wannan sunna: ya kwantar da abu ta fuskar da ta fi rage rataya, ya sassabe kusurwar da ta leƙo ta zama gangare, ya yi wa ramin da ke kwance ɗan tsini a sama kamar ɗigon ruwa, ko ya raba abin gida biyu ya buga kowanne a kwance ya haɗa da gam ko kusa. Ya kuma sani cewa zare yana iya tsallaka ɗan gajeren rata tsakanin ginshiƙai biyu ba tare da komai a ƙasa ba, idan fanka tana da ƙarfi. Sai dai a kula, abin da aka buga ya fi rauni a tsakanin sahu da sahu, kamar yadda itace yake tsagewa ta bin jijiyarsa, don haka kada neman tsira daga matokari ya sa a tsayar da maƙali ta inda zai karye ranar farko.

Maƙalin famfon nan, da muka kwantar da shi a gefensa muka sassabe leɓensa, matokarin da ya rage bai kai girman ƙwayar wake ba. Yaron ya fasa aika kuɗin Ankara, ya sayi ƙaramar fanka ta biyu da bokiti mai murfi na ajiyar zare. Da hunturu ya shigo, damuwarsa ta koma kan ƙura, sai ya yanki ɗan soso ya rataya a inda zaren yake shiga, yana share shi kafin ya isa baki. Ya kuma gargaɗi manoman Bawku kada su bar famfon cikin rana a watan Maris, domin PLA yakan fara laushi tun daga wajen digiri 60.