Kiwon Kaji A Lokacin Hunturu

Kai mai karatu, in kana da kaji a gida, ko da uku ne ko huɗu, ka san lokacin da suka fi ƙarewa. Daga watan Nuwamba ne zuwa Fabrairu, sa'ad da hunturu ke busowa daga arewa maso gabas da ƙura da hazo. A lokacin nan sai ka ji mutane suna cewa ɗari ya kashe musu kaji. To, maganar nan tana da gyara.

Babbar kaza ba ta cika jin ɗari ba. Jikinta ya fi na mutum zafi, gama awon zafin jikin mutum digiri 37 ne, nata kuwa wajen 41. Gashinta kuma shi ne bargonta. In ta ji sanyi sai ta buɗa shi, iska ta shiga tsakani ta ɗumama, ta zauna nan. A ƙasashen Turai, inda ruwa ke daskarewa, ana kiwon kaji, suna kuwa kai bazara lafiya. Abin da ke cutar kaza shi ne iskar da ke dukanta kai tsaye da dare, ta ɗaga gashin, ta kwashe ɗumin.

Saboda haka ka duba akurkinka. Kada ƙofarsa ta dubi gabas ko arewa. In haka aka gina shi, ka kare wajen da zana ko tsohon buhu. Amma fa kada ka toshe ko'ina, gama nan ne masu ƙaunar kajinsu suka fi yin kuskure. Kashin kaji yana ta da wani wari mai yaji, wanda in ya rasa hanyar fita yakan ci musu ido da maƙogwaro, har su kama mura. Ka bar kafa can sama kusa da rufi. Da sassafe ka sa kanka cikin akurki. In idonka ya yi yaji, to, su haka suka kwana. Ka share, ka zuba busasshen ƙaiƙayi ko buntun shinkafa, ka gitta musu sanda su hau. Kaza in ta kwanta bisa sanda takan rufe ƙafafunta da gashin cikinta.

'Yan tsaki ne ɗari ke kashewa da gaske. Ɗan tsako ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa sai gashi ya rufe shi, watau wajen mako biyar ko shida. Uwa kuwa ba ta da lissafi, da asuba za ta ja su yawon tono. Ka kife su da kwando tare da ita har hantsi ya yi. In ba su da uwa, fitila ko kaskon gawayi ya isa, amma a kare shi don gobara, a kuma bar hanyar iska, gama numfashin gawayi a rufaffen ɗaki yana kashe tsako, yana kashe mutum. Su da kansu za su gaya maka awon zafin. In sun cunkushe wuri guda suna kuka, ɗari suke ji. In sun watse gefe baki buɗe, zafi ya yi yawa.

Game da abinci, ka tuna rani ne, ƙwari da ɗanyen ganye sun yi wuya, ga shi jiki yana bukatar ƙari don ɗumi. Dusa kaɗai ba ta isa ba. Ka watsa musu gero ko dawa ko masara da maraice, su kwana da cikakken ciki. Ka ƙara da dakakken ƙuli-ƙuli, da gara in ta samu, da ganyen zogale. Ruwa kuma kada ya yanke, ko da ba a jin ƙishirwa.

Saura babban abu, wanda shi ne ainihin mai share akurki. Annoba ce da likitocin dabbobi ke kira Niyukasal, da sunan wani gari na Ingila inda ta ɓulla a shekarar 1926. Kaza sai ta takure, fukafukai a ƙasa kamar mai jan riga, tana numfashi da kyar, tana zawo kore, wani lokaci wuyanta ya murɗe. Ƙwayar cutar ba hunturu ke haifarta ba, daga kaza take zuwa kaza, ta numfashi da kashi da kaskon ruwa. Sai dai ta fi daɗewa da rai cikin sanyi, kuma lokacin nan ne ake yawan kai kaji kasuwa ana komowa da su. Kazar da ka saya da araha ranar kasuwa, watakila maigidanta ya ga alama ne ya sa ya rabu da ita. Duk baƙuwar kaza ka ware ta mako biyu kafin ta haɗu da naka.

In cutar ta shiga jiki ba ta da magani. Kafso da barkono da ake jiƙa musu a ruwa ba su kashe ta, kuɗi kawai ake zubarwa. Rigakafi ke akwai. A Vom, kusa da Jos, akwai ma'aikatar binciken ciwon dabbobi tun shekarar 1924, tana kuwa yin wani iri mai jure zafi da ake kira I-2. Ɗigo ɗaya ake sa wa kowace kaza a ido, babba da ƙarama. Ba ya kama jiki sai bayan kamar mako biyu, don haka a watan Oktoba ya kamata a yi, kafin iska ta juya, a kuma sake bayan wata huɗu. Kwalba guda ta fi ƙarfin gida ɗaya, sai ku haɗa kai da maƙwabta ku nemi malamin dabbobi ya zo rana guda.

Wadda ta kamu, ka fid da ita daga cikin sauran nan da nan, kada kuma ka kai ta kasuwa. Wadda ta mutu, kada ka jefar da ita a juji inda kare zai ja ta zuwa gidan wani. Ka haƙa rami mai zurfi ka binne ta duk da gashinta.