Kyanwar da ke gadin shinkafarki: yadda za ki gane busasshen abincin da ya dace da ita

Duk wadda ta san Garun Mallam, Kura da Bunkure ta san yanki ne da noma ba ya yankewa. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974 ruwa ke bin magudanai zuwa gonakin Kadawa da kewaye: damina shinkafa, rani kuma tumatir, albasa, alkama da masara. Inda hatsi ya taru kuwa, ɓera ba ya jiran gayyata. Shi ya sa a gidaje da yawa na yankin kyanwa ma'aikaciya ce mai gadin rumbu da ɗakin ajiya. Har Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ajiye kyanwa cikin matakan rage ɓerayen da ke yaɗa zazzaɓin Lassa, tare da rufe abinci da tsaftace gida.

Yanzu busasshen abincin kyanwa, mai kama da ƙananan cincin, ya shigo manyan kantunan Kano da shafukan masu talla a waya. Yawancinsa daga ƙasashen waje ake kawo shi, don haka kuɗinsa ba wasa ba ne. Kafin uwargida ta cire kuɗi daga na cefane, ya kamata ta san abu ɗaya: hoton kaza ko kifin da ke gaban leda talla ne, gaskiyar abincin tana rubuce a bayanta.

Kyanwa maciya nama ce

Kare yana iya rayuwa a kan abinci iri-iri, amma jikin kyanwa ba ya wadatuwa sai da nama. Akwai wani sinadari mai suna taurin da jikinta ba ya haɗa isasshe, kuma a nama da kifi ake samunsa, babu shi a tuwo ko shinkafa. A 1987 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis a Amurka suka gano cewa ƙarancinsa a abincin kanti ne ke jawo wa kyanwoyi ciwon zuciya mai kisa, kuma daga nan kamfanoni suka ƙara yawansa. Rashinsa yana kuma lalata ido sannu a hankali har ta makance. Haka nan kyanwa ba ta iya samun bitamin A daga karas ko ganye kamar yadda mu ke samu, sai daga hanta da makamantanta.

Wannan ne dalilin da ya sa ragowar tuwo da miya kaɗai ba sa riƙe ta, kuma abincin kare bai dace da ita ba ko da ya fi araha.

Abubuwa biyar da za ki duba a bayan leda

Na farko, ki nemi kalmar "complete", wato cikakken abinci, tare da bayanin cewa na manyan kyanwoyi ne, masu shekara ɗaya zuwa sama. Idan an rubuta "complementary" ko "treat", to abin marmari ne kawai, ba a rayuwa a kansa. Ledar kirki takan ambaci ma'aunin AAFCO na Amurka ko na FEDIAF na Turai, ƙungiyoyin da ke fitar da ƙa'idar abin da ya kamata abincin ya ƙunsa.

Na biyu, jerin kayan haɗi. Ana jera su ne daga mafi nauyi zuwa mafi ƙaranci. Abin so shi ne nama mai suna ya zo a farko: kaza, kifi, talotalo ko garin namansu. Ki lura da wata dabara: a raba masara gida uku, a rubuta masara, garin masara da furotin ɗin masara daban-daban, don kaza ta hau sama, alhali idan aka haɗa su masarar ce ta fi yawa. Hatsi a cikin abincin ba laifi ba ne, ana buƙatar sitaci don ƙwayoyin su dunƙule. Laifin shi ne ya rinjayi nama.

Na uku, alƙaluma. Ma'aunin AAFCO ya ce mafi ƙarancin furotin ga babbar kyanwa shi ne kashi 26 cikin 100, mai kuma kashi 9, idan an cire ruwan da ke cikin abincin. Ga mai ciki, mai shayarwa da 'ya'ya, furotin kashi 30 ne. Hanya mafi sauƙi: idan furotin ɗin da ke jikin leda bai kai 26 ba, ki ajiye ta. Ki kuma tabbatar an ambaci taurin; ƙa'idarsa a busasshen abinci kashi 0.1 ne.

Sai dai alƙaluma ba sa faɗin komai. A 2007 an janye abincin dabbobi masu yawa daga kasuwannin Amurka bayan da aka gano sinadarin melamin a kayan haɗin da aka shigo da su daga Sin. An zuba shi ne don gwaji ya nuna furotin mai yawa, kuma ya lalata ƙodar kyanwoyi da karnuka. Wannan ya kai mu ga abu na huɗu: sunan kamfani, adireshinsa, lambar rajistar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adi. Abincin da aka juye daga babban buhu aka ƙulla a farar leda babu rubutu, ba ki da hanyar sanin na kyanwa ne ko na kare, sabo ne ko tsoho.

Na biyar, hancinki da idonki. Warin tsohon mai, fumfuna, ƙwari ko ƙwayoyi masu danshi alama ce ta lalacewa. Zafinmu da laimar damina suna saurin ɓata man da ke cikin abincin, kuma masarar da ta yi fumfuna tana iya ɗaukar gubar aflatokzin mai cutar da hanta. Ki sayi ƙaramar leda da za ta ƙare cikin wata ɗaya zuwa mako shida, ki naɗe bakinta, ki saka ta cikin bokiti mai murfi a inuwa, nesa da takin zamani da maganin feshi, kuma inda yara ba za su kai ba.

Ruwa da awo

Ɓeran da kyanwa ke kamawa kusan kashi 70 na jikinsa ruwa ne, busasshen abinci kuwa bai wuce kashi 10 ba. Kyanwa kuma ba mai yawan jin ƙishi ba ce. A zafin Maris zuwa Mayu, lokacin da ma'aunin zafi ke haura 40 a Kano, wannan na iya jawo matsalar mafitsara. Kyanwa mai kilo 4 tana buƙatar ruwa kusan kofi ɗaya a rana. Ki ajiye mata mai tsabta a kwano mai faɗi, ki riƙa sauyawa kullum, don kada ta koma shan ruwan kwata ko na gefen gonar da aka yi wa feshi. Idan muzuru yana ta yunƙurin fitsari ba ya fita, a kai shi wurin likitan dabbobi a ranar, domin toshewar na iya kashe shi cikin kwana biyu ko uku.

Awo kuwa, irin wannan kyanwa takan wadatu da giram 50 zuwa 70 a rana, a raba sau biyu ko uku. Ki bi jadawalin da ke jikin leda. A nan ne lissafin kuɗi ke fitowa: leda mai kilo 2 za ta kai kusan wata guda, mai araha kuma da hatsi ya cika sai an ƙara yawanta kafin ta ƙosar. Idan za ki sauya abinci, ki riƙa gauraya sabo da tsoho na tsawon mako ɗaya don guje wa gudawa.

Jikinta ne alƙali

Bayan mako shida zuwa takwas, ki duba sakamako. Gashi mai sheƙi, ido garau, kashi mai tauri madaidaici da kuzarin wasa alamu ne masu kyau. Ki shafa gefenta: ya kamata ki ji haƙarƙari ba tare da kina ganinsu ba. Zubewar gashi, rama, amai ko gudawa mai maimaituwa suna buƙatar likita, wataƙila ma tsutsar ciki ce, wadda ta zama ruwan dare ga kyanwa mai farauta.

Idan aljihu bai kai ba

Ba dole sai abincin kanti ba. Dafaffen kifi da aka cire wa ƙaya, zuciya da ƙundun kaza, dafaffen ƙwai da 'yar hanta sau ɗaya ko biyu a mako suna taimaka wa kyanwar da ke fita farauta. A dafa ba gishiri, ba dunƙule, ba albasa ko tafarnuwa, domin waɗannan biyun suna fasa ƙwayoyin jininta, ɗanye ko dafaffe. A yankin da albasa ke shanye a tsakar gida kuma kowace miya na da ita, wannan abin kiyayewa ne. Madara tana sa yawancin manyan kyanwoyi gudawa. Farasitamol kuwa guba ce gare ta, ko ƙwaya ɗaya na iya kashe ta. Haka ɓeran da ya ci maganin ɓera, idan ta cinye shi, gubar na iya shafarta.

Akwai masu cewa a bar ta da yunwa don ta fi kama ɓera. Farauta ɗabi'arta ce, ko ta ƙoshi tana yi, mai yunwa kuwa ita ce ke satar kifin miya ko ta bar gidan baki ɗaya. Mun kuma san gargaɗin da ya zo a hadisi game da matar da ta tsare kyanwa ba ci ba sha. Wadda ke kwana tana gadin buhunan da maigida ya sha wahalar nomawa, ta cancanci a juya leda a karanta kafin a zuba mata.