Gobara ba ta jiran motar kwana-kwana

A Sudan, kashe gobara aikin 'yan Difa'ul Madani ne. Sai dai yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023 ya cinye musu motoci da kayan aiki da dama a Khartoum da Omdurman. Ga shi mutane suna ta komawa gida, kasuwanni na sake buɗewa, wayoyin lantarki kuwa duk a lalace.

Lokacin yunwa, matasan ɗakunan agajin gaggawa sun ciyar da unguwanni ta hanyar nafir, wato gayya a wajenmu. To, irin gayyar nan masu kashe gobara ke bukata yanzu: tiyo, tankin ruwa, man mota. Jama'ar Mayo, kada mu jira sai wuta ta kama gidan maƙwabci.