Gardi da Gamsheƙa: Ina Asirin Yake?

Masu sha'awar rufa-ido a ƙasashen Turawa sun sha yin tattaki har birnin Las Vegas na Amurka don kallon David Copperfield. Manomin Janfalan ko Makarfi kuwa, in ya shiga Zariya ko Kano cin kasuwa, taron gardi ne yakan tsayar da shi: ana kiɗa, gamsheƙa ta fasa kai tana rangaji.

Ba rawa take yi ba. Maciji ba shi da kunnen waje. Jijjigar ƙasa yake ji ta ƙashin muƙamuƙi. Fasa kai alamar tsoro ce, rangajin kuma bin motsin hannun gardi ne. Gardi ya san saran gamsheƙa ba ya wuce tsawon abin da ta ɗaga na jikinta, sai ya tsaya inda ba za ta kai ba. Wasu sukan cire mata fiƙa, amma sabuwa takan tsiro cikin 'yan makonni.

Kallo ba laifi. Haɗarin yana cikin ƙullin maganin da ake tallatawa bayan wasa. Yawancin macizai ba su da dafi mai kisa, mai dafin ma yakan yi sara wani lokaci bai zuba ba, sai yabo ya tafi ga ƙulli. Kububuwa, wadda ta fi kashe manoma a Arewa, dafinta hana jini daskarewa yake yi. Mutum yana iya wuni yana hira kafin dasashinsa ya fara zubar da jini. Allurar kashe dafi kaɗai ke tsayar da wannan, irin wadda ake yi wa waɗanda aka sara a asibitin Kaltungo, Jihar Gombe.